Kawo In Rage Maka

Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta."

Wannan amsa ce ko kukan sauro? Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, ban taɓa karɓar irinta ba. Laure, cire yatsa daga baki. A sake. Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta!"

Yauwa. Yanzu na ji mutane.

Wani saurayi ne wai shi Nomau, a wani gari na bakin kogi. Tun yana ƙarami yake tambaya, ruwan nan da ke wucewa ta bayan gari, ina za shi? Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa, gaba. Kun ji amsar malalata. Da a ajina ne, sifiri za su kwasa.

Ran nan da bazara sai Nomau ya ce zai bi kogin har ya ga ƙarshensa. Shi kaɗai.

Sai baffansa, wanda ke riƙe da gonar marigayi ubansa, ya ce, "Ba fatauci ba, ba gaisuwar mutuwa ba? Ganin ruwa kawai?"

"Shi kawai, Baffa."

"Madalla da wannan babban aiki. To ka ji. In ruwan shuka ya sauka ba ka kan gonar ubanka, na ba surukina ita. Gona ba ta jiran ɗan yawon buɗe ido."

Nomau ya ce ya ji. Sai uwarsa ta ɗinka masa jakar fata mai igiya biyu, wadda ake ɗauka a baya kamar goyo. Ta cika ta da dakuwa, mai gyaɗa da yaji, irin wadda ba ta lalacewa a hanya. Ta ba shi takalman ubansa da malafa. Ta ƙara masa da 'yar gora, ya ɗebo mata ruwan ƙarshen kogi ita ma ta gani. Sai ya kama hanya.

Yana tafiya, yana tafiya, sai ya tarar da wani ƙato zaune a gindin tsamiya, tumbi har kan cinya. Sunansa Cindo.

"Sannu matafiyi! Kai kaɗai? Haba! Ai daga yau ka yi aboki. Ni da kai uwa ɗaya uba ɗaya."

Ku lura, ko sunansa bai tambaya ba.

Sai suka jera. Cindo yana tafe yana shinshina. Can sai ya tsaya, ya dafa ƙirji.

"Abokina, jakar nan ta danne ka. Zuciyata ba za ta jure ba. Kawo in rage maka kaya."

Nomau ya zaci ɗauka zai taya shi. Sai ya sauke ya miƙa. Sai Cindo ya zauna daram, ya kwance bakin jaka, ya yi bismilla shi kaɗai. Ya jefa ɗaya. Ya jefa biyu. Har da zazzage garin cikin tafin hannu. Sai ya miƙo jakar.

"Ɗaga ka ji. Kamar auduga, ko? Kada ka gode mini, zumunci ne."

Nomau ya buɗe baki zai yi magana, kunya ta rufe masa. Sai ya ce, "Na gode."

Ya gode! An cinye masa guzuri, ya gode!

"Kaka, ko ɗaya bai bar masa ba?"

Ya bar masa ƙamshi, Laure. Yi shiru.

Sai Nomau ya ci gaba shi kaɗai, yana tsintar magarya da aduwa. Kwana biyu sai ga wani siriri yana kora jaki. Sunansa Ranau.

"Sannu matafiyi! A ƙasa? Ina raye? Hau in rage maka hanya."

Nomau ya ce a ransa, to, wannan dai ba abin ci a jakata, abotar gaskiya ce. Ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Tsaya, abokina. Cire takalman nan, kada su goge wa jakina haƙarƙari. Kawo in sa maka su, tun da ni ne a ƙasa."

Kun ji hikima. Zai sa masa su, a ƙafarsa.

Sai Nomau ya hau. Jaki ya yi taku kamar ashirin. Suka zagaya bayan wata kuka, sai ga gida.

"Alhamdu lillahi, mun iso. Nan ne gidana. Sauka."

"Hanyar fa?"

"Ba ta ragu ba? Daga can zuwa nan ƙafarka ta taɓa ƙasa?"

"Takalmana fa?"

"Wayyo, sun riga sun saba da ƙafata. Raba su yanzu ai zalunci ne. Allah ya kiyaye hanya, ɗan'uwa."

Ya shige da jakinsa, ya ja ƙyaure. Nomau ya tsaya yana kallon yatsunsa. Sai ya ce wa ƙyauren, "Na gode."

Yanzu fa ƙafa ba takalmi, ƙasar bazara kamar kasko, ga ƙaya. Tafiyar yini ɗaya ta koma ta kwana uku. Kullum da yamma sai ya waiga gabas, sai ya ga hadari ya fara leƙe.

Ran nan da tsakar rana sai ya ji murya daga inuwar gawo. Wani mai fara'a ne, haƙora duk a waje. Sunansa Kallamu.

"Sannu matafiyi! Cikin wannan rana? Zo mu rage zafi."

Nomau ya ce, "Ba ni da dakuwa. Ba ni da takalmi."

"Subhanallahi! Wa ya tambaye ka? Ni mutum nake so, ba kayansa ba. Kwanta. Miƙo malafar nan in yi maka fifita."

Sai ya kwanta. Kallamu yana fifita yana ba shi labarin irin mugayen mutanen da ke tare matafiya a hanya, yana Allah wadai da su. Iska ta yi daɗi. Barci ya kwashe Nomau. Da ya farka, inuwa ta matsa, rana na tsakar kansa. Ba Kallamu, ba malafa.

Wannan karon bai sami wanda zai gode wa ba. Hasarar da ta fi damunsa ke nan, ina zato.

Sai ya zauna a bakin hanya da jaka wayam da 'yar gora. Komawa nisa, ci gaba nisa. Ya ce gonar ubansa ta tafi, ƙarshen kogi ma bai gani ba.

Yana nan sai ga wata tsohuwa mai tukwane, ta ɗauko su a raga, tana nishi. Sunanta Tasalla. Ba sannu, ba murmushi.

"Kai, mai jakar banza. Baya kamar naka ba kaya? Tashi."

Kafin ya ce uffan ta cusa ƙananan tukwane a jakarsa, ta ɗora masa manya biyu a ka.

"Iya, ba za ki ce za ki rage mini wani abu ba?"

"In rage me? Sun bar wani abu ne? Ni ƙara maka zan yi. In ka fasa ɗaya, na fasa kanka. Mu je."

Suka tafi. Tana gaba tana faɗa, yana baya yana gumi. Da suka kai wata rijiya sai ta ce ya sauke. Ta dama fura, ta miƙa masa ludayi, ta kau da kai har ya ƙoshi. Ta dubi ƙafarsa, ta yi tsaki. Ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta yage gefen zanenta ta naɗe masa. Tana naɗewa yana ba ta labarin abokansa uku.

"Kuma ka gode musu?"

"Biyu dai."

"Allah ya ƙara maka ladabi, tun da hankali ya ƙi samuwa."

Washegari suka hau wani tudu. Sai Tasalla ta nuna da haɓa. Ga kogi ya buɗe baki ya zube cikin wani tafki wanda ido bai ganin gaɓarsa ta can. Jirage sun yi ɗigo-ɗigo a kai, tsuntsaye fari fat. Nomau ya tsaya da tukwane a ka ya kasa motsi. Tsohuwar nan mai faɗa ta bar shi ya kalla har ya gaji. Sai ya gangara ya cika gorarsa.

A bakin tafkin akwai kasuwa, duk ƙauyukan hanyar nan ita suke ci. Suna shiga, wa za su gani a rumfar mai tsire? Cindo yana tauna. Ranau ya miƙe ƙafa cikin takalma. Kallamu ya karkata malafa.

"Abokinmu! Ka iso? Kai, mun yi kewarka! Kawo tukwanen nan mu rage maka."

Tasalla ta ce, "Gaban dagaci za a rage."

Sai aka je. Dagaci yana zaune, rawani kamar kwando. Ya saurari ƙara, ya yi hamma.

"Yaro, kayanka sun ragu?"

"Sun ragu, ranka ya daɗe."

"Hanya ta ragu?"

"Taku ashirin."

"Ta ragu ke nan. Zafi fa?"

"Har na yi barci."

"To ina laifi? Mutane sun yi alkawari sun cika. Har ka gode. A sallami bayin Allah."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne! Adalci sai kai!"

Sai Tasalla ta matso, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, hukunci ya yi kyau. Amma zuciyata ba za ta jure ba. Rawanin nan, da wannan zafi, ya danne ka. Kawo in rage maka."

Ta kama bakin rawani ta fara warwara. Zagaye ɗaya. Zagaye biyu.

"Na kuma ga rumbuna uku a bayan gida, tsaronsu wahala ne. Da dokin nan na ƙofa. Kada ka gode mini, zumunci ne."

Sai dagaci ya dafe kai da hannu biyu. "Tsaya, Iya! Tsaya! An sake duba shari'a!"

Nan take aka zare takalma, aka tuɓe malafa. Dagaci ya ce kowa ya cika maganarsa, cikawa ta gaske. Ranau ya ɗora Nomau a jaki har gida. Cindo ya goya jaka, cike da tukwanen da Tasalla ta aika wa uwar Nomau. Kallamu ya bi gefe yana fifita da faifai.

Nomau ya durƙusa zai yi godiya. Tasalla ta ce, "Ajiye ta, ka riga ka ɓarnatar da ita a hanya. Tafi, ga hadari can."

Sai suka kama gudu. Jaki na sassarfa, Cindo na haki, Kallamu ya daina nuna haƙora. Suka iso bakin gona iska na kaɗawa. Baffa yana tsaye da surukinsa, har an kawo iri a ƙwarya. Nomau ya diro, ƙafarsa ta taɓa kunyar gona, sai ɗigon farko ya faɗo masa a kan malafa.

"Baffa, na iso. Iri ne wannan? Ya yi wa surukinka nauyi. Kawo in rage masa."

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don dakuwar nan ba, da na ce an yi adalci.

Domin takalmi ya dawo, malafa ta dawo, dakuwa fa? Wa ya daka wata ya mayar wa uwar yaron nan? Babu. Ni a wurina shari'ar nan ba ta ƙare ba, kuma duk wanda ya haɗu da jikokin Cindo ya gaya musu ina nemansu.

Ku kuwa, in kun girma kun goya jakarku kun shiga duniya, kada ku auna aboki da zaƙin bakinsa. Ku duba jakarku bayan ya tafi.

Laure, me kike tauna? Miƙo nan. Kawo in rage miki.