Kaskon da Ba a Wanke Ba

Ku gyara zama, yau ba labarin aljanu na kawo muku ba. Wannan a gabana aka yi shi, lokacin da nake riƙe da makullin sito a ɗakin binciken sinadarai na wata jami'a. In na gama hukunci naku ne, ni dai mai ba da labari ne kawai.

Shugabar ɗakin, Farfesa Huwaila, ta shekara goma sha ɗaya tana neman abu guda: hodar da za ta sha hasken rana ta riƙe, in ta shiga duhu ta dinga sakinsa a hankali. Burinta a dama ta a fenti, a shafa a bakin rijiyoyi da matakalar asibitocin ƙauye inda babu lantarki. Yadda ake yi, ana auna farar hoda iri biyu, irin wadda ake samu in ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, a barbaɗa musu ɗan wani ƙarfe mai wuyar samu, a zuba a kasko, a gasa a tanderun lantarki da zafin da ya haura digiri dubu. A cikin wutar nan ƙwayoyin zarra suke jeruwa layi bisa layi kamar tubalin gini, kuma yadda suka jeru shi ke sa hoda ta riƙe haske ko ta zubar. Tata tana haske, amma kafin ka ƙirga ashirin ya mutu.

Tana da ɗalibai uku da suka zo ƙarshen karatunsu, jami'a kuma ta ba ta gurbin aiki ɗaya tak. Wanda ta rubuta sunansa zai zauna ya ci gaba da bincike, sauran biyun su tattara takardunsu su koma gida neman abin yi. Ta ce ita ba za ta duba fuskar kowa ba, wanda ya sa hodar ta riƙe haske shi ke da gurbin.

Na farko Tasi'u, shi ne mai kula da tanderu. Yana da ƙwazo, sai dai gaggawa ta yi masa yawa, ko shayi a tsaye yake sha. Dokar Farfesa ita ce duk wanda ya gasa hoda a kaskon da ba a wanke ba, ya bar mata ɗaki. Wata ranar Talata aka kawo wuta bayan kwana uku babu, Tasi'u ya ga in ya tsaya wanki za a iya ɗauke ta. Ya wawuri wani kasko da masu haɗa gilashi na ɗakin kusa suka ara suka dawo da shi, da ɗan farin abu daskare a gindinsa. Ya hure shi da baki, ya zuba hodarsa, ya tura wuta. Da aka buɗe tanderu sai ga abu ya dunƙule kamar ƙanzo, maimakon hoda mai laushi. Ya ɓoye wa kowa batun kaskon.

Ta biyu Barira, ita ke gwada haske. Tana da wata ɗabi'a da ake yi mata dariya a kanta: ba ta zubar da komai. Duk abin da aka gasa ya lalace sai ta sa a kwalba, ta rubuta ranarsa, ta jera a taga. Ranar da dunƙulen ya fito, Maharazu, wato ɗalibi na uku, ya juya shi da tsinke ya ce, “Malama Barira, wannan kam ko ke kya haƙura. A kai shi bola.” Ta ce to, ta faki idonsa ta sa a kwalba.

Bayan kwana biyu, da azahar, ta kwashi kwalaben tagar ta zo sito wajena, don shi kaɗai ne ɗakin da ba shi da taga. Ta ce, “Baba, a taimaka a rufe ni.” Kowa in ya shiga gwaji minti ɗaya yake yi ya fito, ita kuwa sai ta zauna har idonta ya saba da duhu. Na rufe ta, na tafi salla, na tsaya gaisawa da mutane, wallahi na manta da ita. Sai bayan awa biyu na dawo da gudu na buɗe. Na same ta zaune a kan buhu, kwalba ɗaya a tafin hannunta tana ba da wani koren haske. Duk sauran sun mutu tuntuni. Amma ita ma ba ta faɗa wa kowa ba. Kwana tara ta ɓoye kwalbar tana ƙoƙarin sake haɗa irinta ita kaɗai, ta roƙe ni in rufa mata asiri, na kuwa rufa. Sai da ta gasa sau huɗu a wankakken kasko ba ta samu komai ba, sannan ta kai wa Farfesa.

Shi Maharazu aikinsa karanta jerin ƙwayoyin zarra. Akwai na'urar da ke harba wa hoda irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai ta zana layuka masu tsini a takarda. Ni in na duba, haƙoran zarto kawai nake gani. Shi kuwa da su yake gane inda kowace ƙwaya take zaune. Yana da ji da kai, ba ƙarya, amma da aka ajiye masa dunƙulen da ya ce a zubar, bai yi gardama ba. Mako uku yana lissafi, har ya rame. Ya gano layukan sun ɗan gusa, alamar ginin ya matse. Ya ce akwai wata baƙuwar ƙwaya ƙarama da ta kutsa cikin jerin, ta bar ƙananan ramuka inda ƙarfin hasken ke maƙalewa, yana fita kaɗan kaɗan. Sai dai baƙuwar ba ta da nauyi, na'urar ba ta iya faɗin sunanta.

Nan aiki ya tsaya cik. Farfesa ta tara su ta ce, “Abin da ba a iya maimaitawa, ba a gano shi ba. Wa ya san abin da ya shiga hodar nan?”

Tasi'u ya san dokar, ya kuma san babu wanda ya gan shi. Can ya miƙe ya ce, “Ranki ya daɗe, ni ne. Kaskon masu gilashi na ɗauka, ban wanke ba.” Na ji tausayinsa ƙwarai a ranar. Farfesa ta ce ya je ya tambayo masu gilashi abin da suka narka. Ashe wani farin gishiri ne da suke sawa don yashi ya narke da wuri. Maharazu ya lissafa adadin da ya dace da matsewar da ya gani, Tasi'u ya gasa, Barira ta shiga sito da agogo. Hodar ta yi awa goma tana haske. Aka sake sau biyar, duk haka.

Farfesa ta yafe wa Tasi'u kora, amma gurbi bai zama uku ba. Ta je ta roƙi a ƙara ko da ɗaya, aka ce babu, kuma ana son suna kafin Alhamis. Ranar Laraba na kai mata makulli na tarar da takardar a gabanta, wurin sunan fari fat, su ukun kuma suna zaune a benci ɗaya a bakin ƙofa, ba mai kallon wani.

Da Tasi'u bai yi ganganci ba, da gishirin bai shiga ba, da kuma bai tona kansa ba, da ba a san shi ba. Amma doka ya karya, ya kuma yi fiye da wata guda yana kallon mutane suna wahala. Da Barira ba ta adana abin da aka raina ba, da yana bola, sai dai ita ma ta so ta ci ita kaɗai. Maharazu ne ya mayar da dace ya zama ilimi, kuma shi ne ya ce a zubar.

Biyu a cikinsu za su kama hanyar tasha, alhali kowannensu ya san ba don shi ba da babu hasken. To, alƙalamin Farfesa yana hannunku: sunan wa za ku rubuta?