Kurege da Tsamin Gwaggo Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Gwaggo Akuya tana ba kowa tsamin haɗa kindirmo kyauta, amma da sharaɗi: duk wanda ya zuba a madararsa, shi ma sai ya ɗiba wa mai so. Kurege ya karɓa, ya haɗa kindirmon da zai kai wa Kurciya toshi. Sai ga Bushiya da cokalinta.

Kurege ya rungume ƙwarya. "Madarata ce! Ɗigo ɗaya fa na sa!"

Bushiya ta ce, "To, cire ɗigon mu gani."

Ashe Kurciya tana bisa reshe tana ji. Ta ce, "Malam Kurege, wanda ya hana cokali, me zai ba matarsa?"

Tuni Kurege ya rarumo ludayi. "Yaya Bushiya, ina babbar ƙwaryarki?"

Ƙurunƙus, kan kusu a gindin murhu!