Rufin Ɗakin Malam Nomau

Ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo ba ce, ta mutane ce, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A wani gari na ƙasar Gumel an yi wani magini, Malam Nomau, mai 'ya'ya maza uku: Sallau, Jatau, da autansu Ilu. Ɗakin da yake kwana soro ne na ƙasa, tun kakansa aka jera azarar rufin. Kowace bazara manyan biyu ke hawa su yaɓe shi kafin ruwa ya sauka. Ilu yana makaranta, daga baya ya koyi ginin bulo a birni. Tsohon kuwa yana ƙasa, ya riƙe ƙugu yana faɗa. Doka ɗaya gare shi, in zai faɗe ta sai ya yi gyaran murya kamar ladan, ya ɗaga haɓa: "Gidan magini, baƙon hannu? Ina da 'ya'ya har uku? Tir!"

Wata shekara madatsar ruwa ta ɓalle a wani birni na bakin teku, can bayan Sahara, ta share unguwanni da mutanen cikinsu. Kamfanoni suka bazama neman magina. Sallau ne ya kawo maganar tafiya, shi ne kuma ya ce su tafi duka. "Baba, rani ɗaya ne. Kafin hadarin farko muna gida." Tsohon ya sa musu albarka yana kallon wani gefe.

Abin da suka tarar ya fi ƙarfin baki. Laka ta bushe har bakin tagogi, mutanen da jiya suke da benaye suna kwana a tanti. Aka ba su ginin gidajen da za a zuba waɗannan bayin Allah, Sallau ne shugaban ayari. Akwai wata tsohuwa da ruwa ya cinye wa kowa sai jikoki. Kullum da safe takan kawo musu shayi, ta nuna wata taga da yatsa, ta dafa ƙirji. Ba sa jin yarenta, amma sun gane: can take sa ran shiga.

Rani ya wuce, aiki bai kai rabi ba. Ɗan kwangila ya riƙe fasfonsu, ya ce babu mai motsi sai an rufe gini. Sai ga waya daga mahaifiyarsu, Inna Kande, ita kuwa in tana waya sai maƙwabta sun ji, don ta ɗauka nisan ƙasar ne ke sa a ɗaga murya.

"Sallau! Kana ji na? Rufin nan fa ya fara zuba! Na tara ƙwarya, na tara roba, har tukunyar miya na tara. Ubanku ya ce ba yoyo ba ne, raɓa ce. Raɓa a cikin ɗaki, Sallau!"

To, ga abin da kowannensu ya yi.

Sallau ya ƙi tafiya. Da ya tsaya kai da fata, da an saki aƙalla ɗaya, don maganarsa ake ji. Amma ya san in ayarinsa ya watse aiki ya tsaya, sanyin ƙasar nan kuma zai tarar da yara a tanti. Ya ce rufin da ya ga damina ta kaka da kakanni zai jure ɗaya. Ya sunkuyar da kai ga aiki. Kafin sanyi ya shigo, tsohuwar nan da jikokinta sun shiga ɗaki mai ƙofa.

Jatau bai yarda a zuba ido ba. Ya san halin ubansa, sai ya bi ta bayan gida. Ya kira wani mai aikin siminti a garinsu, Tsalha, ya roƙe shi ya hau rufin ranar kasuwa, in tsohon ya fita. Tsalha ya hau, ya shafe rufin da siminti sumul, yoyo ya tsaya. Malam Nomau ya dawo da la'asar, ya ga sawun tsani a bango. Ya hau ya duba. "Siminti? A kan ƙasar kakana? Wane ɗan iska ne ya sa wa rufina hular kwano?" Da kansa ya ɗauki fartanya ya kankare shi tas, har da tsohon yaɓen da ke ƙarƙashi. Rufi ya koma tsirara, ga marka ta matso.

Ilu da ya ji haka bai yi shawara da kowa ba. Ya bar fasfonsa a hannun ɗan kwangila, ya hau bayan mota ya keto hamada. Ƙishirwar da ya sha, da ɓuyan da ya yi wa masu tsaron iyaka, ba sai na faɗa ba. Ya iso gida leɓe a tsage, ko hutawa bai yi ba ya ce a ba shi tsani. Sai dai ƙasar yaɓe ba siminti ba ce. Kwaɓa ta ake yi da ciyawa, a bar ta kwanaki ta ruɓe ta yi danƙo, sannan a shafa ta siriri a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Ilu bai san wannan ba. Ya kwaɓa da safe, ya lafta da rana, da kauri, don a ganinsa kauri shi ne ƙarfi. Uban yana ƙasa yana gani. Mutumin da bai taɓa barin kuskure ya wuce ba, ran nan ya ƙyale wannan ya wuce. Duk wanda ya gitta sai ya tare shi: "Ka ga autana? Daga bayan Sahara ya zo, don rufina kawai!" Ya ce wa Inna Kande in yaro ya huta sai su gyara tare, ba a kunyata mai irin wannan zuciya ranar da ya iso.

Ba su samu wannan damar ba. Washegari aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗanyar ƙasa ta sha ta yi nauyi, tsohuwar azara ta kasa ɗauka. Bayan azahar Malam Nomau ya shiga ya ɗan kishingiɗa, rufin ya zauna a kansa.

Rai na Allah ne, kowa ya sani, su ma sun sani. Amma da manyan biyu suka dawo bayan an gama aiki, zaman farko da suka yi a tsakar gida bai ƙare da daɗi ba. Ba zargin juna suka yi ba. Sallau ya ce shi ne babba, shi ya kwashe su, shi ya karya alkawari. Jatau ya ce da bai turo baƙon hannu ba, da tsohon yaɓen yana nan. Ilu ya shimfiɗa tafukansa ya ce, "Yaya, ku daina. Waɗannan ne suka ɗora ƙasar." Kowa ya rungume laifin ya hana ɗan'uwansa taɓawa. Har yau in ɗaya ya shigo gaishe da Inna Kande, ɗayan sai ya nemi takalminsa, kuma ɓaraguzan ɗakin na nan, babu wanda ya yarda shi ya cancanci ya sake ɗora rufin.

Kada wanda ya ce mini taurin kan tsoho ne, na ga bakinku yana motsi. Ya riga mu gidan gaskiya, ba a shari'a da wanda ba zai amsa ba. Cikin masu rai nake tambaya. Wanda ya tsaya ya rufa wa marayu asiri, da wanda ya turo taimako a ɓoye, da wanda ya keto hamada da ransa a hannu: wane ne a cikinsu ya yi gaskiya da ya ce laifin nasa ne?