Yadda Miligi Ya Yi Dogon Baki

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A da can, Miligi kifi ne ɓulɓul mai gajeren baki. Maƙwabciyarsa Tarwaɗa kuwa, da ta karkaɗa gashin bakinta a taɓo sai ta zaƙulo tana. Kifaye suna ta yabonta. Shi ko Miligi, kowane yabo sai ya tsaya masa a wuya kamar ƙaya.

Ya tafi wurin Ƙaguwa mai awartaki.

Ya ce, "Gwaggo, ja mini baki ya wuce gashin bakin Tarwaɗa."

Ta ce, "Ɗan nan, ba ni da naman ƙari. Abin da na sa wa baki, daga jikinka zan jawo."

Ya ce, "Ke dai ja!"

Ta ja, ƙiii! Baki ya fito, ciki ya ɗan lafe. Ranar ya ci tana har ya ture.

Ana nan sai Zalɓe ya tsoma baki a ruwa. Miligi ya duba nasa, ya duba na Zalɓe. Ya koma.

"Gwaggo, ƙara!"

Ta ja, ƙiii! 'Yan'uwansa suka gani, su ma kishi ya ci su, suka yi layi a ƙofar Ƙaguwa.

Rannan Giwa ta zo shan ruwa, ta zuro hanci. Miligi ya kasa ko cin abinci.

"Gwaggo, ƙara!"

"Kai, saura me a jikin?"

"Ja, na ce!"

Ta ja, ƙiiiii! Miligi ya koma falle ɗaya kamar wuƙa, kan bakin nan tsukuku kamar kafar allura.

Sai ga curin fura ya suɓuce daga kwalekwalen masunta, tsulum! Kifaye suka yi caa. Miligi ya tsokana nan, ya tsokana can, ko gutsure bai shiga ba.

Tarwaɗa ta ce, "Bismilla mana, maƙwabci."

Ya ruga wurin Ƙaguwa yana kuka. "Gwaggo, mayar mini!"

Ta ce, "Ayya! Awartaki ja ya iya, bai iya turawa ba."

Shi ya sa har yau Miligi da danginsa suke can ƙasan ruwa, suna caccakar taɓo don 'yan mitsi-mitsin tsutsa. Mai auna bakinsa da na wani, da jikinsa yake biya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ku tashi haka, kada sauro ya cinye mini ku.