Zane Biyu a Kan Sandar Mai

Dalilin da ya sa kuke ganin direba ya zaro wata siririyar sanda daga cikin inji, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa yana duba zane biyu da ke jikinta, to ku gyara zama ku ji.

A da can, motoci suna magana kamar ni da ku, kuma babu wannan sanda. In mota ta ƙoshi da baƙin mai, da bakinta take faɗi.

A wani ƙauye na bayan rafi akwai wani direba, sunansa Nomau. Shi ya fara kawo motar daji garin, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda yashi da laka ba sa tare ta. Nomau mutum ne mai hannu sake. A gidansu ba a auna wa baƙo tuwo, kuma a wurinsa motar nan baƙuwa ce. Baƙin mai mai kaurin nan da ya dace da zafin daji shi yake saya mata, bai taɓa haɗa mata da wani iri ba. Sai dai in ya fara zubawa, ba ya tsayawa sai ya ga mai a wuya. Ita kuwa tana jin kunyarsa. Ina baƙon da zai ce wa mai gida abincinsa ya yi yawa? Sai ta yi godiya ta haɗiye.

Ran nan da hantsi maciji ya sari yayarsa Tabawa a wurin tatsar shanu. Asibiti kuma sai an haye rafi. Nomau ya ga tafiyar ta rai ce, ya ƙara wa mota galan guda na baƙin mai a kan wanda ke cikinta, wai don ta ji ƙarfi.

Suna tsakiyar yashin rafi mota ta soma tari, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, ta tsaya cik. Ƙafar Tabawa ta kumbura har gwiwa. Nomau ya tambayi mota abin da ke damunta, ta ce lafiya lau. Ya roƙe ta, ta ce ai ba komai. Ya ɗauko wani galan zai ƙara.

Tabawa, da ke kwance a baya, ta ce ya dakata. Ta ce tun da suka taso take jin cikin motar nan yana irin ƙarar da gora ke yi in ana kaɗa nono.

"Kai Nomau, in ka cika gora fal ka kaɗa, me kake samu?"

"Kumfa, Yaya."

"To kumfa kake ba baƙuwarka. Ke kuma, kunyarki za ta kashe ni a rafi."

Nan mota ta fashe da kuka. Ta ce gaskiya ne, ƙarfen cikinta yana ta bugun man har ya zama kumfa, kumfa kuwa ba ta jiƙa ƙarfe. Amma ta ce ita har abada ba za ta iya duban idon Nomau ta ce ya isa ba.

Tabawa ta zare tsinken kitso daga kanta, ta sa haƙori ta yi masa shaida biyu. Ta ce daga yau ba mai tambayar wani. A tsoma wannan: in mai bai kai ta ƙasa ba, rowa ce, in ya wuce ta sama, cuta ce.

Nomau ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance noti, ya rage man a ƙwarya, yana tsoma tsinke har man ya tsaya tsakanin shaidun biyu. Mota ta tashi da bugu ɗaya. Kafin azahar Tabawa na gadon asibiti, ana yi mata allura tana yi wa ƙanenta faɗa.

Mota kuwa, don kunyar abin da ya faru, ba ta sake buɗe baki ba.

Shi ya sa har yau ba a tambayar mota ko ta ƙoshi. Sandar da ta gaji tsinken Tabawa ake tambaya, ita ba ta jin kunyar kowa.