Littafin da Aka Kulle Tare da Farantan Aure

Akwai wata mata a garin Mansura mai suna Nagat, ma'aikaciyar jinya. Mijinta yana aiki a Kuwait, ita ke fama da gida. 'Yarsu Rudaina, mai shekara tara, ta tsani karatu kamar maɗaci. Malamar aji ta riga ta yanke: in ba ta iya karanta shafi guda ba kafin jarrabawa, za ta maimaita aji.

Nagat ta yi faɗa, ta yi lallashi, har ta gaji.

Sai uban ya aiko da wani littafi. In an ɗora waya a kan shafi, kifin da aka zana sai ya motsa, ya fara ba da labari, ya tsaya a tsakiya. Ragowar na rubuce a takarda. Sai ka karanta masa da bakinka zai ci gaba.

Shafi ɗaya aka gwada, Nagat ta karɓe. "Wannan ba na hannun yara ba ne."

Ta sa shi a kabad ɗin gilashi na falo, inda farantan aurenta ke jere shekara goma ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Ta kulle. In baƙi sun zo, ta nuna: "Daga Kuwait."

Rudaina takan manna hanci a gilashin. "Mama, me ya sami kifin?"

"Ci jarrabawa tukuna, sarkin tambaya."

Wata la'asar Nagat ta dawo daga aiki, ƙafafu a kumbure, ta tarar da kabad a buɗe. Surukarta Hajja Sanniya na zaune da makulli a cinya. Littafin na ƙasa, da shatar yatsa mai maiƙon wake a kai.

"Hajja! Kin san daga inda ya zo?"

"Ni na haifi wanda ya aiko shi. Yi shiru ki ji."

Rudaina na bin layi da yatsa. "Ki-fin ya... ya ya-ge ra-ga." Kifin bai motsa ba. Ta sake. A karo na uku ya yi tsalle, ta kurma ihu.

"Kwana tara ke nan muna yi in kin fita," in ji Hajja. "Ni ko alif ban sani ba, ita ke karanta mini. Faɗa mini, 'yar nan, farantan nan naki wa suka taɓa ƙosarwa?"

Nagat ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta goge maiƙon ba. Ranar a farantan aure aka ci shinkafa, ɗaya ma ya fashe.

Rudaina ta haye aji. Da ƙyar, amma ta haye.

Darasi: Littafin da bai yi dauɗa ba bai koya wa kowa komai ba. Ku ba yaro abin da ke jan ransa tun yana tambaya, domin tambayar tana ƙarewa. Ku tura wa duk uwar da ke ɓoye makulli.