Hannun da Malam Ilu Ya Hana

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, manomi, ana ce masa Malam Ilu. Shekarar da Allah ya kira shi aikin Hajji, ana gobe tashi mura ta kama shi: atishawa, majina, jiki duk ya mutu.

A cikin jirgi kujerarsa ta faɗo kusa da ta Baffa Sambo, aminin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Tsoho ne mai ciwon ƙirji, tari kaɗan ke kwantar da shi.

Baffa ya miƙo hannu da murna. To, ku saurara. Ilu ya ja rawani ya rufe hanci da baki, ya dafe ƙirji, ya rusuna.

"Baffa, ka gafarce ni, mura nake yi. Ina tsoron in shafa maka."

"Mura? Yau mura ce za ta hana ɗana ba ni hannu?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Tun ba a sauka ba Alhaji ya fara ji da kansa."

Da tafiya ta miƙa, Baffa ya ce ya ba shi gorar ruwansa ya kurɓa. Ilu ya hana, ya roƙi ma'aikaciyar jirgi ta kawo wa tsohon wani ruwan, shi Ilu kuma ta mai da shi can baya inda ba kowa. Baffa ya kau da kai. Jama'a, kun san zafin fushin wanda ya rene ka. Ilu na zaune shi kaɗai, hawaye na jiƙa rawani, amma bai dawo ba.

A Madina zazzaɓi ya kayar da Ilu, ya yi kwanaki bai leƙa masallaci ba. Baffa kuwa da ƙafarsa ya yi ɗawafi, da ƙafarsa ya tsaya Arfa. Har suka dawo gida bai yi tari ba, bai kuma gama hucewa ba. Ilu bai taɓa ce masa "ka gani?" ba.

'Yan'uwa, ladabi ba faranta rai ba ne kawai, tsare mutum daga cutarwarka shi ma ladabi ne. Mu fa? Sai mu yi atishawa a tafin hannu, mu miƙa wa tsoho, wai muna girmama shi. In kana mura, a jirgi ko a sahu, rufe bakinka, riƙe hannunka. Gara ya yi fushi da kai yana tsaye, da ya sa maka albarka yana kwance.